Sanƙon Hashimu Direba

Shekara talatin da ɗaya ina aski a Arlit, a rumfata da ke bayan tashar Agadas. Sunana Muktar, wanzami ɗan wanzami, daga Maraɗi. Kawunan garin nan kaɗan ne ban taɓa riƙewa ba. Na san kan da hular ƙarfe ta ma'aikatan rami ta cinye, na san na Abzinawa da ke kwance cikin rawani ba ya ganin rana sai a gabana. Amma kan da ya hana ni sukuni har yau shi ne na Hashimu direba, kuma ina da hannu a abin da ya same shi. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya riga ni.

Ubansa, Malam Fatahu, mutumin Damagaram ne, yana cikin waɗanda suka zo haƙar uraniyom tun garin bai wuce bukkoki ba. A nan aka haifi Hashimu. Yana ɗan shekara bakwai uban ya fara kawo mini shi ran Juma'a, in aske su su biyu, su wuce masallaci. Hashimu na shekara goma sha huɗu Malam Fatahu ya kwanta ciwo. Aka kai shi Yamai, ya yi wata uku, ya dawo ba gashi ko ɗaya a kansa, ba gira, ba gashin ido. Bayan kwana arba'in aka kai shi makwancinsa. Abin da ya kashe shi Allah kaɗai ya sani, likita ya faɗi nasa, gari ya faɗi nasa. Amma gashin, wannan na sani: maganin da aka riƙa ɗura masa ta jijiya a Yamai ne ya zubar da shi, ba ciwon ba. Na faɗa wa yaron haka a lokacin, na sake faɗa masa da ya girma. Bai taɓa shiga kunnensa ba. Shi dai abin da ya gani da idonsa shi ne gashi ya tafi, sannan mutum ya bi.

Ba shi kaɗai ba ne kuwa. A garin nan in mutumin da ya yi aikin rami ya fara tari ko ya rame, sai ka ga ana kallonsa ta gefen ido, ana gaishe shi da taushin murya fiye da kullum. Ba mai kiran sunan ciwon. «Abin nan» kawai ake cewa, kowa ya gane.

Hashimu ya bar lakwal, makarantar boko, da wuri, ya yi kabu-kabu, ya samu fermi na tuƙi, sannan ya yi shekara goma sha ɗaya yana tuƙa kar, babbar motar ma'aikatan rami, ya kai su da safe ya ɗauko su da yamma. Bai taɓa sa ƙafa cikin rami ba. In zai wuce tsibin ƙasar rami da ake zubarwa bayan gari, sai ya ja gilashi ya rufe, ko da zafi zai dafa su. Mutum ne mai sanyin hali, mai dariya a hankali, ga suma baƙa wuluk da mataji kullum a aljihu. Ya auri Zinatu, suka yi shekara shida ba haihuwa, sannan Allah ya ba su 'ya mace, Siddiƙa. Ni na yi mata askin suna. Ina cikin yi, ya durƙuso kusa da ni ya ce, «Baba Muktar, wannan ba za ta ga abin da na gani ba. Sai na aurar da ita da hannuna in Allah ya yarda.» Na ce amin, na ci gaba da aikina. Ban san wannan maganar ce za ta riƙa jan sa da hanci ba.

Da aka rufe ramin Akokan a 2021, kar ta tsaya, aikinsa ya tafi. Ya koma tuƙa motar wani ɗan kasuwa, yana kai ruwa da abinci Tchibarakaten, can cikin hamada wajen masu haƙar zinari. Shekara biyu bayan haka ne na ga gashinsa ya fara ja da baya ta kusurwoyin goshi. Wanzami ne ke fara gani, tun kafin mai kan ya lura. Da bakina mai ƙaiƙayi na ce, «Hashimu, goshinka fa ya fara sayen fili.»

Na yi wa mutum ɗari wannan tsokana, kowa dariya yake yi ya rama. Shi bai yi ba. Ya karɓi madubi daga hannuna ya daɗe yana kallo.

«Haka na Baba ya fara,» in ji shi.

«Ƙarya kake. Na ubanka dare ɗaya ya zube. Wannan sanƙo ne, gado. Kawunnanka uku da suka zo ta'aziyya daga Mirriya, ka manta kawunansu? Kamar ƙwarya a kife. Babbansu ya ba tamanin baya, har yanzu noma yake.»

Ya gyaɗa kai irin na wanda ba ya son musu da babba. Daga ranar ya daina barin in share gashinsa in binne tare da na kowa a bayan katanga, yadda nake yi. Sai ya tattara abinsa cikin takarda, ya naɗe, ya tafi da shi gida ya gwada da na watan jiya.

Daga nan aka shiga magani. Ya fara da tafarnuwa da ruwan albasa, har Zinatu ta ce ɗakinsu ya koma tukunyar miya. Ya ƙara man habbatus sauda, ya ƙara man darbejiya, ya sha rubutu. Ba ya barin ɗaya in ya kama wani, tara su yake yi, wai in wannan ya kuskure wancan ya samu. Daga baya ya je farmasi wajen Ismaghil, wani Ba'abzine mai natsuwa da ya daɗe a aikin. Ismaghil ya ba shi kwalbar wani ruwa da ake kira minoksidil da wasu ƙwayoyi, ya ce a haɗa su biyun, a yi haƙuri wata shida, kuma kada ya tsorata in gashin ya ƙara zuba da farko, tsoho ne ke ba sabo wuri. Ƙwayoyin mako ɗaya ya sha ya watsar, don wani a tasha ya ce suna sanyaya namiji. Ruwan kwalbar kuwa ya riƙe shi safe da yamma kamar wuridi.

Sai ran nan ya zo da salula, wayarsa ta hannu, ya nuna mini wani Bature yana gurza wa kansa wata 'yar taya mai ƙananan allurai, wai tana buɗe fata magani ya shiga. Raina ya ɓaci, girman kan sana'a ya motsa. Na ce, «Wannan ai tsaga ce. Kakana yana yin ta tun Bature bai san hanyar Maraɗi ba. Zauna.» Na ɗauko aska na yi masa 'yan tsage-tsage sirara a jere a goshi da maɗiga. Muka mai da shi al'ada, duk mako biyu. Wannan shi ne laifina na farko.

A mako na shida da fara shafa ruwan kwalbar ya shigo rumfata da rigar matashin kai a hannu. Ya shimfiɗa ta a kan benci. Gashi ne barbaje a jikinta.

«Baba, dubi. Haka matashin Babana ya yi.»

Na tuna masa abin da Ismaghil ya ce. Bai ji ni ba. Idonsa ya faɗa, ya ce kwana biyu bai iya haɗiye tuwo ba, in ya kalli Siddiƙa tana wasa sai ya ga kansa yana ɗan shekara goma sha huɗu. A haka ya hau mota ya nufi Tchibarakaten.

Abin da ya faru a can, daga baya ya ba ni labari. Masu zinari suna daka dutse ya zama gari, su wanke, sannan su zuba zaiba, farin ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa. Ita ke bi cikin laka ta tattaro zinarin, su matse ta a ƙyalle su ƙona. Akwai wani mai wankin zinari, Zayyadu, mutumin Tawa, mai suma kamar gammo. Ya ga Hashimu ya ɓuya bayan mota yana shafa ruwan kwalba, ya tambaye shi, Hashimu ya zayyana masa.

«Kai direba,» in ji Zayyadu, «maganin ga naka bisa shika tsayawa, ba shi isa ga saiwa. Ka ga zaiba? Cikin buhu guda na turɓaya takan bi ta biɗo zinari har ta kamo shi. Ka gama ta da mai ka shahwa, ita ka ja magani ta kai shi ƙasa. Can gida tsohinmu da ita suka kashin ƙwarƙwata. Dibi kaina, kullum hannuna na cikinta.»

Shekarun Zayyadu ashirin da huɗu. Wane sanƙo zai same shi? Amma Hashimu ya sha ganin yadda zaiba ke fito da zinari daga inda ido ba ya ganin komai, kuma maganar ta zauna masa daram. Ya dawo da ita cikin 'yar kwalbar allura. Ya riƙa murza ta da man kaɗanya har ta ɓace ciki, man ya koma ruwan toka. Ya shafa ruwan farmasi, ya bi da wannan, ya kifa hula, cikin zafin Arlit.

Ni bai gaya mini ba. Na dai lura man kansa ya sauya launi, na tambaya, ya ce toka ce ya zuba. Akwai zoben azurfa da na gada wajen mahaifina, ban taɓa cire shi wajen aiki ba. Cikin wata guda ya dushe, ya yi wani fari-fari marar haske, ran nan ina wanke hannu ya tsage gida biyu. Na juya shi a tafin hannu na daɗe, a lokacin ban san zaiba na cin azurfa ba. Na sa shi a aljihu na kira na gaba.

A wata na huɗu gashi ya tsiro. Wallahi ya tsiro. Laushi-laushi da farko kamar na jinjiri, sannan ya yi baƙi, kusurwoyin suka fara cikewa. Hashimu ya dawo da dariyarsa, ya sayo wa Siddiƙa takalma masu ƙara, ya ɗora ta a wuya ya zaga da ita kasuwa. Ni kuwa na cika tasha da baki, tsagar Maraɗi ta yi abin da Bature ya kasa. Masu sanƙo uku suka zo layi. Shi yana jina yana murmushi, a ransa yana gode wa Zayyadu.

Shayi ne ya fara tona shi. Muna zaune da hantsi, na miƙa masa kofi, na ji gilashin yana kaɗawa a haƙoransa. Ya ce gajiyar hanya ce. Bayan haka ya fara yawo da ƙyalle yana goge baki, yawu ba ya tsayawa, ya ce bakinsa ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Dasashinsa ya kumbura ya yi duhu. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya zagi wani dattijo a tasha saboda buhun albasa, sannan ya koma bayan mota ya yi kuka. Ya daina zama majalisa, in an kalle shi sai ya sunkuyar da kai yana gumi. Ranar da na ɗora aska a goshinsa na ji kan yana rawa a ƙarƙashin hannuna, har na yanke shi fiye da yadda na yi niyya, sai na ajiye askar.

«Hashimu, me kake sa wa kan nan? Kada ka yi mini ƙarya, na riƙe kanka tun ba ka san hanyar gida ba.»

Can ya zaro 'yar kwalbar daga aljihu. Abu ne ɗan kaɗan a ciki, yana gangarawa yana sheƙi, amma da na karɓa sai na ji nauyi kamar dutse.

Na ja shi har farmasi. Ismaghil ya ɗaga kwalbar ya duba, ya ajiye ta nesa da shi, ya gyara rawaninsa.

«Zaiba shi guba ne,» in ji shi. «Yana shiga ta fata, yana shiga ta numfashi, yana zauna cikin kai da ƙoda. Kai kuma, Muktar, ka buɗe mashi ƙofa da aska. Hashimu, gashi ya fito don magani na kwalba, lokaci nashi ne ya yi, na faɗa maka tun farko. Ka bar wannan yau, ka tafi asibiti, ka faɗa ma likita gaskiya.»

«Malam Ismaghil,» in ji Hashimu, «kafin in sa ta, zuba yake. Da na sa ta, ya tsiro. Idona ya gani.»

«To rawa na hannu fa?»

«Abin nan ne. Na tare shi ta kai, ya zagayo ta hannu. In na saki yanzu, ya ci ni.»

Mun yi, mun yi, ya ƙi. Ya ɗauki kwalbarsa ya mayar aljihu. A bakin farmasi na ce ba zan ƙara yi masa tsaga ba, ya ce ba komai, reza ba ta ƙare a kanti ba. Zuciya ta ɗebe ni, na ce to kada ya ƙara tako rumfata tunda ya fi ni sanin kai. Ya ce, «Allah ya huci zuciyarka, Baba,» ya tafi. Wata biyu ban gan shi ba. Na ji an ce mai motar ya karɓe makulli bayan ya kusa kifar da su a rairayi. Gidansa bai fi tafiyar minti goma daga rumfata ba, kuma ban je na gaya wa Zinatu abin da ke cikin man nan ba. Na zauna ina jiran ya zo ya ba ni haƙuri. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko.

Wata Talata da hantsi ina wasa aska sai ga Zinatu da Siddiƙa goye a baya, an lulluɓe ta da mayafi. Yarinya 'yar shekara huɗu, mai surutu kamar rediyo, ba a goya ta tun da daɗewa.

«Baba wanzam, ina kwana. Don Allah duba mini ita, ina jin beli ne. Ba ta cin abinci, sai yawu, sai kuka. Ko haske ba ta so.»

Mata kan kawo mini yara a cire musu beli in maƙogwaro ya hana su ci. Na ce ta sauke ta. Yarinyar ta cusa fuska a cinyar uwar, jikinta sharkaf da gumi. Na lallaɓa na buɗe bakin. Belinta lafiya lau. Dasashin ne ya kumbura ya yi duhu, irin wanda na riga na gani a wani bakin. Na kama hannunta, tafin ya yi ja, fatar tana saɓulewa, tafin ƙafa ma haka. Na ɗora hannu a kan kitsonta, na ɗago yatsuna na duba. Mai ne ruwan toka.

«Zinatu, me kike shafa mata a kai?»

«Man Babanta ne,» in ji ta, ko a jikinta. «Kitso ya cinye mata gefen goshi, na ga yadda ya yi masa aiki, shi ne nake ɗan lakata in zan yi mata. Bai ma sani ba, ɓoye shi yake a bayan akwati. Ya kai wata biyu.»

Na kira Hashimu a salula na ce ya zo yanzu, na kira Ismaghil. Ismaghil ya ce a aske kan tas, a wanke da sabulu, kada a binne gashin kuma kada a ƙona, a ɗaure shi cikin leda a tafi da shi, su kama motar Agadas ta azahar, uba da 'ya, shi zai kira wani likita da ya sani a can.

Hashimu ya iso a bayan kabu-kabu. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma da ya cire hula sumar nan tana nan baƙa, ta rufe goshi. Na gaya masa a gaban matarsa, ban rage komai ba. Zinatu ta ɗora hannu biyu a ka ta zauna a ƙasa. Ya durƙusa ya ɗauki 'yarsa, ya zauna a kujerar aski ya rungume ta a ƙirji, yadda ubansa ke riƙe shi ran Juma'a.

Na kama kitso na farko zan warware. Ban ja ba, ban sa almakashi ba, sai ga shi a hannuna gaba ɗaya, ya bar fata fara a wurin. Hashimu ya kalli kitson, ya kalli kan. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda ba na fatan in sake ji.

Na ɗauko aska na yi bisimilla. Na kai ta kusa da kan, na janye. Na sake kaiwa, na sake janyewa. Yarinyar ba motsi take ba, ta yi lamo. Hannuwansa ne ke kaɗa ta, daga kafaɗa har yatsu, yana ƙara matse ta don su tsaya suna ƙara rawa.

«Hashimu,» na ce, «ba uwarta ita.»

«Zan riƙe ta, Baba. Ni zan riƙe ta.»

«Ba za ka iya ba, ɗana. Zan yanke ta.»

Ya kalli hannuwansa. Sannan ya buɗe hannuwansa, Zinatu ta ɗauke ta. Ya tashi ya ba su kujerar, ya koma bakin rumfa ya tsaya da hularsa a hannu, yana kallo har na gama.